Filin Gyaran Turanci: “All hell broke loose” da 'yan uwanta

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon yawancinsu kan abu guda suke, wato yadda ake faɗin hargitsi da yamutsi da Turanci ba tare da an yi tuntuɓe ba. Mun zaɓo bakwai daga Gombe da Bauchi, mun kuma taƙaita wasu saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ina aji shida na sakandare, ina shirin jarrabawar WAEC. An ba mu aikin rubuta labari, sai na rubuta “All the hells were broken lose in the market.” Malaminmu ya zagaye jimlar gaba ɗaya da jan biro, ya sa alamar tambaya, bai ce komai ba. Ni kuwa na sha jin ana faɗin haka a fim. Ina kuskuren yake?
Ɗalibi, Kumo

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Abin da ka ji a fim shi ne “all hell broke loose”, kalmomi huɗu rak. Kai ka mayar da su shida, a kan hanya kuma ka kwaso kurakurai huɗu. Ma'anar maganar ita ce nan take wuri ya kaure, ya rincaɓe, ihu da gudu da faɗa suka cakuɗe.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne irin wannan magana zubinta ɗaya ne, ba a taɓa shi. Da wani zai ce maka “ruwaye ba sa tsami banza”, dariya za ka yi, ko da yake nahawunsa bai karye ba, domin ba haka Hausawa suka zuba maganar ba. To haka kunnen Bature yake jin “all the hells”. Ba a sa “the”, ba a ƙara “s” a kan “hell”. Kurakurai biyu ke nan.

Na uku shi ne “were broken”. Aikatau ɗin da ke cikin maganar shi ne “break loose”, ma'anarsa ƙwacewa ko tsinke igiya. Idan aka ce “The bull broke loose”, ana nufin sa ya tsinke ya fita da kansa. Idan kuwa aka ce “The plates were broken”, ana nufin wani ya fasa faranti. Saboda haka jimlarka cewa take yi an farfasa wasu abubuwa masu suna “hells”, wanda ba shi kake nufi ba. Babu “was”, babu “were” a gaban “broke loose”.

Na huɗu ya fi kowanne kama mutane, har da masu digiri. “Loose” mai “o” biyu yana nufin sakakke ko sako-sako, kuma da sautin “s” yake ƙarewa, kamar ka ce “lus”. “Lose” mai “o” ɗaya yana nufin rasawa ko shan kaye, da sautin “z” yake ƙarewa, kamar ka ce “luz”, shuɗaɗɗensa kuma “lost”. Wanda ake buƙata a nan shi ne mai “o” biyu.

Abu ɗaya kaɗai ke motsi a cikin kalmomin nan huɗu, shi ne “break”, gwargwadon lokacin da kake magana a kai. A labari kusan kullum “broke” ne. In abin sabo ne, sai ka ce “All hell breaks loose whenever the water tanker arrives”, wato duk sanda tankar ruwa ta iso sai wuri ya yamutse. Ka lura da “s” ɗin “breaks”, domin “all hell” tilo ake ɗaukarsa duk da “all” da ke gabansa. In gargaɗi kake yi, “If Father finds out, all hell will break loose.” In kuwa abin ya riga ya faru kafin wani abu, “By the time the police arrived, all hell had broken loose.” Kada ka rubuta “will broke” ko “had broke”, “breaked” kuwa babu ita a Turanci sam.

To, ko da ka gyara duk waɗannan, da sauran rina a kaba. Jimlarka a tsaye take ita kaɗai, ba a san abin da ya tayar da ƙurar ba. Wannan magana ba ta aiki sai da abin da ya kunna wutar, kuma sai abin ya zo kwatsam. Tsarin da marubuta ke bi shi ne su fara nuna wuri lafiya lau, su kawo abin da ya faru, su jefa maganar, sannan su nuna wa mai karatu abin da ido ya gani. Ga misali: “The market was quiet until someone shouted ‘Thief!’ Then all hell broke loose. Traders jumped over their stalls, a basin of tomatoes rolled into the gutter, and a boy lost both his slippers.” Ka ga kasuwa shiru, ihun ɓarawo ya tashi, 'yan kasuwa na tsallake teburansu, daron tumatir ya gangara kwata, yaro ya bar silifas ɗinsa a baya. Daron tumatirin nan shi ke sa mai duba takarda ya yarda da kai. Ɗalibai da yawa sukan jefa salon maganar su wuce, suna ganin ya gama musu aiki, alhali shi ƙofa kawai yake buɗewa.

Ba a amfani da shi ga abin da ya daɗe yana lalacewa a hankali. Tsadar rayuwa ta shekara biyar ba “all hell broke loose” ba ce. Haka baƙin cikin mutum ɗaya da ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Amma ana faɗinsa ga faɗan cikin gida, in dai an ɗaga murya an tara mutane.

Game da jarrabawa, insha'in WAEC kalma 450 ake nema, makinsa 50. Ana ba da 20 ga iya sarrafa harshe, 10 ga tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da na haruffa, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci daga goman nan. Jimla ɗaya irin taka tana iya yi maka asara ta fuska biyu. Ka yi amfani da maganar sau ɗaya tak, a labari ko wasiƙar aboki. A wasiƙar hukuma, ko takardar muhawara, ka bar ta a gida.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar firamare ce kuma uwa. Na ji ɗana yana faɗin wannan magana, da na duba sai na ga “hell” wuta ce, Jahannama. Shin ba ashar ba ce? In akwai wata hanyar faɗin abin ba tare da ambaton wuta ba, a taimaka.
Malama, Unguwar Jahun, Bauchi

AMSA: Barka kadai, Malama. Ba ashar ba ce, amma kunnenki bai yaudare ki ba, maganar ba ta shiga kowane zaure. Ƙamusoshin Turanci suna sa ta cikin maganganun hira, waɗanda ba na taron hukuma ba. Asalin hoton da ke cikinta shi ne an ɓalle ƙofar wuta duk abin da ke ciki ya fito. Irin wannan magana tana bakin mutanen Ingila tun da daɗewa, amma wanda aka fi jingina ta gare shi shi ne mawaƙin nan John Milton, cikin doguwar waƙarsa Paradise Lost da aka fara bugawa a 1667. Yau mai faɗinta ba wuta ce a ransa ba, kamar yadda Bahaushen da ya ce “kamar tashin alƙiyama” ba wa'azi yake yi ba.

Inda ya kamata ki ja wa yaro kunne shi ne “go to hell” da “what the hell”. Ta farko zagi ce kai tsaye, ta biyu kuma rashin ladabi ce a gaban babba. Akwai Turawa, musamman dattawa da masu riƙo da addini, da ba sa son jin kalmar a bakin yara ko ta wace fuska, shi ya sa wasu Amurkawa ke musanya ta da “heck”. Mu ba ma ba da shawarar “heck” a rubutu, wasa-wasa take fitowa.

Hanyoyin kauce mata suna da yawa, kuma sun fi dacewa da aji: “chaos broke out”, “there was uproar”, “the meeting descended into chaos”. Wasu za su ce miki ki koma “pandemonium broke out”. Daidai ce, kuma ba wanda zai ɗaga gira a kanta. Sai dai abin dariyar shi ne Milton ɗin nan dai shi ya ƙirƙiro kalmar, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin “duka” da “aljanu”, ya raɗa wa babban birnin wuta a cikin waƙar tasa. Wanda ya guje wa “hell” ya faɗa “pandemonium” bai yi nisa ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ɗan jarida ne mai tasowa, ina aika rahoto da Turanci. Editana ya goge “a” ɗin “a pandemonium” daga rahotona sau biyu, na uku ya goge kalmar baki ɗaya ya sa “commotion”. Mene ne bambancin? Ni a wurina duk rikici ne.
Wakilin jarida, Gombe

AMSA: Malam, editanka ya yi maka gata. Gogewar farko ta nahawu ce, ta ƙarshe kuwa ta aikin jarida ce, kuma ita ta fi nauyi.

Ta nahawun mai sauƙi ce. “Pandemonium” suna ne da ba a ƙirga shi, saboda haka ba ya ɗaukar “a” kuma ba shi da jam'i. Haka “chaos”, “mayhem”, “bedlam” da “havoc”. Ana cewa “There was pandemonium”, ko “Pandemonium broke out”. Amma “commotion”, “scuffle”, “brawl”, “stampede” da “riot” ana ƙirga su: “a commotion”, “two riots”.

Yanzu ga inda “duk rikici ne” zai jefa ka cikin matsala. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana gaya wa mai karatu wani abu takamaimai, ko ka nufa ko ba ka nufa ba. “Commotion” hayaniya ce da kai-komo, mutane sun taru, murya ta tashi, ba lallai an taɓa kowa ba. “Uproar” ihun ƙin yarda ne, irin na zauren majalisa ko taron iyayen yara in an ƙara kuɗin makaranta, kuma tana iya zama ce-ce-ku-ce a gari ba tare da kowa ya fito titi ba: “uproar over the new fees”. Da zarar hannu ya shiga, ka koma wani gida. “Scuffle” 'yar kokawa ce ta ɗan lokaci, an ci kwala an raba. “Brawl” ba-ta-kashi ce ta gungu. “Fracas” hatsaniya ce mai ƙara, kuma a furucin Ingila ba a faɗin “s” ɗin ƙarshe, “fraka” ake cewa.

Kalmomi uku ne muke so ka ji tsoronsu. “Riot” tarzoma ce, laifi ne a doka. Ka kira zanga-zangar lumana da wannan suna, ka riga ka yanke wa mutane hukunci a kanun labari. “Mayhem” tsohuwar kalmar shari'a ce ta Ingila, asalinta laifin nakasa mutum, 'yar uwar “maim” ce, kuma har yau tana ɗauke da ƙamshin jini. “Stampede” kuwa gudun tsoro ne na taro zuwa fuska ɗaya. Sau da yawa abin da muke kira turmutsitsi a wurin rabon kaya ba gudu ba ne, matsi ne a ƙofa ko lungu har numfashi ya gagara, shi ya sa masana tsaron taro suka fi son “crowd crush”. Bambancin ba na ado ba ne. “Stampede” tana ɗora laifi a kan jama'a, “crowd crush” kuwa tana sa a tambayi wanda ya tsara ƙofar.

“Pandemonium” ita ce ƙara da ruɗani sun kai inda ba mai jin wani, kuma ba dole ta tsoro ba. In aka zura ƙwallo a minti na ƙarshe a filin wasa na Pantami, abin da ke biyo baya ana iya kiransa haka, alhali murna ce zalla. “Chaos” rashin tsari ne ko da babu ihu, kamar cunkoson motoci ranar kasuwa. “Turmoil” kuma tana da tsawon rai, tana ɗaukar makonni ko shekaru, kamar “political turmoil”, har zuciyar mutum ma ana cewa tana “in turmoil”.

Jaridunmu sun saba da kanun da ke farawa da “Pandemonium as”, har kalmar ta fara sanyi. Mata biyu sun yi cacar baki a bakin famfo, an ce “pandemonium”. Illar ba ta tsaya ga salo ba. A garuruwan da jita-jita ke saurin yawo, babbar kalma a kan ƙaramin abu tana iya sa a rufe shaguna, iyaye su ruga makaranta ɗauko yara. Kafin ka zaɓi kalma, tambayi kanka: mutum nawa, minti nawa, an ji wa wani ciwo, an lalata dukiya? In amsar ita ce mutum ashirin, minti goma, ba rauni, to “commotion” ɗin editanka ce daidai. In ka rubuta waɗannan alƙaluma a fili ma, sau da yawa za ka ga ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikin manyan kalmomin.

TAMBAYA: Malam, ni malamin gona ne. A rahoton damina na rubuta “The flood wrecked havoc on rice farms.” Kwamfuta ta ja layi a ƙarƙashi. Ni ko ita?
Malamin gona, Dadin Kowa

AMSA: Ita ce da gaskiya, Malam. Kalmar da ke tafiya da “havoc” ita ce “wreak”, shuɗaɗɗenta “wreaked”. A duka biyun ba a furta “w”, amma “wreak” ana jan ta, “riik”, ita kuwa “wreck” gajeriya ce, “rek”. “Wreak” na nufin haddasawa ko saukar da abu a kan wani. “Wreck” na nufin ragargazawa. In ka ce ambaliya ta yi “wrecked havoc”, cewa ka yi ta ragargaza ɓarnar, wato ta yi muku maganinta ke nan. Daidai shi ne “The flood wreaked havoc on rice farms.” In kana son “wrecked”, ba ta abin da za ta rusa kai tsaye: “The flood wrecked the culvert.”

Za ka kuma ci karo da “wrought havoc” a tsofaffin rubuce-rubuce da wasu jaridu. Karɓaɓɓiya ce, “wrought” tsohon shuɗaɗɗen “work” ne. Akwai “play havoc with”, wadda ta fi sauƙi, ana faɗinta ga abin da ya dagula tsari: “Late rains played havoc with the planting calendar.” Ka lura “play” da “with” take tafiya, “wreak” kuma da “on”, ko “in” idan wuri ake nufi. Kada hannu ya zame ka rubuta “reek”, wannan wari ne. In ka yi shakka, “caused havoc” ba ta taɓa ba da kunya.

Ita “havoc” daga tsohon Faransanci ta shigo, umarni ne da ake ba sojoji a fagen yaƙi cewa su fara wawashe ganima. Ɓarna ce mai faɗi, ba ta kadada ɗaya ba. Wanda zai karanta rahotonka yana jiran jimla ta gaba ta gaya masa hekta nawa ruwa ya shanye, ƙauyuka nawa, kwana nawa ya kwanta, shinkafar ta fitar da kai ko ba ta fitar ba.

TAMBAYA: Gardama ce ta kaure a majalisarmu ta shayi. Ni na ce “all hell broke loose”, abokina ya ce “all hell was let loose”. Mun sa kuɗin shayin mako. Wa ya ci?
Mai karatu, Azare

AMSA: Kowa ya biya nasa. Duka biyun daidai ne, ma'anarsu ɗaya. Taka ta fi yawo a duniya, tasa kuma ta fi kama da Turancin Ingila, jaridun Najeriya ma suna sonta. Ita “let loose” tana karɓar “was” domin sakin abu aka yi, “broke loose” ba ta karɓa domin ƙwacewa ya yi da kansa. Wanda zai biya shayin shi ne na ukunku da zai haɗa su ya ce “was broke loose”. Ana kuma jin “all hell broke out” a baki, amma kada a kai ta jarrabawa. “Broke out” ta fi zama da faɗa, gobara, yaƙi da annoba.

TAMBAYA: Malam, ina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa a gidan rediyo. Yaya zan fassara wannan magana? Wani abokin aiki ya taɓa cewa “duk wuta ta ɓalle”, masu sauraro suka yi ta bugo waya suna tambayar inda ake gobara.
Mai fassara, Bauchi

AMSA: Masu sauraron ba su yi laifi ba, abin da aka gaya musu suka ji. Salon magana ba a bin sa kalma-kalma, abin da ya faru ake dubawa a nemo yadda Bahaushe ke faɗinsa. A nan kuwa Hausa ta fi Turancin wadata, domin maganar Turancin ɗaya ce ta rufe abubuwa da yawa, mu kuwa kowanne da bakinsa.

In gudu aka yi, ka ce “kowa ya yi ta kansa”, ko “sai ƙafa me na ci ban ba ki ba”. In faɗa ne, “wuri ya kaure da faɗa”, “aka shiga ba hamata iska”, in ya yi muni har kowane ɓangare ya ji jiki, “aka yi kare jini biri jini”. In taro ne ya watse ba a cimma komai ba, “aka tashi baram-baram”. In surutu ne da ƙorafi, “wuri ya ɗauki hayaniya”. In kuwa rahoton bai fayyace ba, “nan take wuri ya yamutse” ko “al'amura suka rincaɓe” sun wadatar, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Kada ka yar da “nan take” ko “sai kawai”, domin kwatsam ɗin nan rabin ma'anar ne.

A labaran ƙarfe bakwai ka tsaya kan “yamutse”, “hargitse” da “rincaɓe”. “Ƙafa me na ci” tana sa murmushi, ba ta dace da labarin da aka rasa rai ba. Ka ajiye ta ga shirin wasanni ko na barkwanci.

Haka abin yake in ka juya. Mun ga ɗalibai sun rubuta “leg, what did I eat without giving you” a insha'i. Bature cewa yake yi “they took to their heels” ko “they ran for their lives”. “Kowa ya yi ta kansa” kuma tana da abokiyar zama daidai wa daida, “it was every man for himself”.

TAMBAYA: Malam, sakatariya ce ni a wani ofishi. Mun yi ƙaura zuwa sabon gini, komai a warwatse. Ina so in rubuta wa shugabana cewa ofis ya hargitse. Na rasa tsakanin “in shamble”, “bedlam”, “haywire” da “amok”. Sannan yaya ake furta “chaos”?
Sakatariya, Tudun Wada, Gombe

AMSA: Hajiya, mu fara da furuci. “Ch” ɗin “chaos” sautin “k” ne, domin kalmar daga Girkanci take, “keyos” ake cewa, sifarta kuma “chaotic”, wato “keyotik”. Ba “cawos” ba.

Cikin huɗun da kika lissafa, ta farko ce ta dace da halin da kuke ciki, amma da “s” a ƙarshe. Kalmar “shambles” ce kullum, kuma duk da “s” ɗin, tilo ce: “The office is a shambles.” Mutanen Ingila kan ce “in a shambles”, Amurkawa “in shambles”. “In shamble” babu ita. Asalinta teburan mahauta ne da layin da ake sayar da nama, har yau akwai tsohon titi mai wannan suna a birnin York na Ingila. Tana nufin abu kaca-kaca, ba tsari, kuma tana ɗauke da zargi. In shugaban naki shi ya tsara ƙaurar, zai iya jin kamar shi kike nufi.

“Bedlam” ta ƙara ce, ba ta tarkace ba. Sunan wani asibitin masu taɓin hankali ne a Landan, Bethlem, wanda aka kafa a 1247 a matsayin gidan ibada, baki ya lanƙwasa sunan. Ajin da malami ya fita yara sittin suka ɗau surutu shi ne “bedlam”. Saboda wannan asali, a guje mata a duk maganar da ta shafi marasa lafiya. “Go haywire” ta na'ura ce da tsari: injin buga takardu da ke ta fitar da shafi ɗaya ba tsayawa, “The printer has gone haywire.” “Run amok” daga harshen Malay ta fito, kuma galibi mai rai ke yin ta, mutum ko dabba da ya fita hayyacinsa yana ɓarna. Fayil ba ya “run amok”. Awakin da suka shiga lambu suna iya yi.

Tunda takardar ofis ce zuwa ga na gaba da ke, mu da za mu zaɓa miki, “in disarray” za mu ɗauka, ba ta zargin kowa. Ki rubuta: “The registry is still in disarray after the move. The files have not been shelved and two computers are not yet connected. We need three more days and two extra hands.” Wato har yanzu sashen ajiyar takardu bai daidaita ba, fayiloli ba su hau kanta ba, kwamfuta biyu ba a haɗa ba, ana buƙatar ƙarin kwana uku da mutum biyu. Ki canza alƙaluman su dace da naku kafin ki miƙa.